Tambayi Likita: Tunanin da Ya Ƙi Sakin Mutum, da Abin da Hoton Ƙwaƙwalwa Ke Nunawa

Assalamu alaikum, masu karatu. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk wuri ɗaya suka dosa: tunanin da ke kama mutum ya ƙi sakinsa, da labarin da ke yawo a wayoyi cewa yanzu na'ura tana iya ganin wannan tunanin a cikin kai. Na cire sunaye kamar kullum, na bar unguwa kawai, na kuma taƙaita tambayoyin.

Daga wani ɗalibi, Samaru

"Likita, ina aji uku a jami'a. Tun da sakamako ya fito na ga na faɗi kwas biyu ban sake barcin kirki ba. Da na kwanta sai abin ya dawo: me ya sa ni, me zan ce wa Baba da ya sayar da hatsinsa ya biya min kuɗin makaranta, ina ma na yi kaza. Haka har kiran assalatu. Karatun ma ba ya shiga. Na gani a Facebook cewa an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu irin wannan tunani an ga ta bambanta da ta sauran mutane. Tawa ta lalace ke nan?"

Ɗana, ƙwaƙwalwarka ba ta lalace ba. Abin da ka gani yana da tushe, amma rabin labarin aka kawo maka. Zan ba ka cikakkensa, domin na lura idan mutum ya san abin da ke gudana a cikin kansa, tsoron yakan ragu.

Na'urar MRI ƙaton maganaɗisu ce da ake tura mutum cikinta a kwance. Hoton da aka saba ɗauka da ita a asibiti siffar ƙwaƙwalwa yake nunawa, ko akwai ƙari, ko jini ya zuba, ko wani wuri ya tsuke. Wanda masu bincike ke amfani da shi kuwa, ana ce masa fMRI, jini yake bi. Duk sashen da ya kama aiki sai jini mai ɗauke da iskar oksijin ya ƙaru a wurin, kuma jinin da ke ɗauke da iskar da wanda ya riga ya sauke ta ba iri ɗaya suke amsa wa maganaɗisu ba. Wani masani Bajapane, Seiji Ogawa, shi ya nuna haka a 1990. Ke nan na'urar ba tunani take gani ba. Kamar mutum ne ya hau dutsen Kufena da dare ya hango gari: zai ga unguwannin da wutarsu ke kawowa tare tana ɗaukewa tare, ya gane layinsu ɗaya ne, amma ba zai ji hirar da ake yi a cikin gidajen ba.

A 2001 wani likita a Amurka, Marcus Raichle, ya bayyana wani abu da aka daɗe ana gani ba a ba shi muhimmanci ba. Idan aka ba mutum aiki yana cikin na'ura, a ce lissafi, akwai wasu sassan ƙwaƙwalwa da ke yin shiru, da ya gama kuma sai su farka tare. Ɗaya yana bayan goshi ta tsakiya, ɗaya can baya a tsakiyar kai, sai biyu a gefe da gefe. Masana na taƙaita sunan wannan rukuni da DMN, mu a nan bari mu kira shi rukunin zaman shiru. Da shi kake tuna jiya, da shi kake tsara gobe, da shi kake auna kanka kana ƙiyasta abin da mutane ke cewa a kanka. Kowa yana da shi, kuma kowa yana amfani da shi fiye da yadda yake zato. Wasu masana biyu a Jami'ar Harvard sun bibiyi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suna tambayarsu a lokuta daban-daban me suke yi, me suke tunani. Sakamakon da suka fitar a 2010 ya nuna kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutane ba ya kan abin da hannunsu ke yi.

To me ke sauyawa a ciwon damuwa, wato ƙuncin rai da ya daɗe har ya zama cuta? Akwai wani ɗan wuri can ƙasa a bayan goshi da ake kira yanki na 25. Tun 1999 Helen Mayberg ta nuna cewa yakan ƙara aiki idan lafiyayyen mutum ya tuna abin baƙin ciki, yakan kuma lafa idan mai ciwon damuwa ya samu sauƙi da magani. A 2007 Michael Greicius da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka kwatanta marasa lafiya 28 da lafiyayyu 20, suka ga wannan yanki ya fi ɗamfaruwa da rukunin zaman shiru a wurin marasa lafiyar. Bayan shekara biyu Yvette Sheline ta ga wani abin: idan aka nuna wa masu ciwon hotuna masu tayar da hankali, rukunin nasu ba ya yin shiru yadda na lafiyayyu ke yi. Fassarar da masana da yawa suka ba wannan ita ce, wurin da ke tunanin "ni" da wurin da ke ɗauke da baƙin ciki sun saba tashi tare, sai ya zama duk lokacin da ka juyo kan kanka, da ƙunci kake juyowa. Wannan kuma yana iya bayyana maka abin da ya sa karatu ba ya shiga. Karatu yana buƙatar rukunin ya lafa ya ba sassan mayar da hankali wuri, naka kuwa ya ƙi sauka.

Ka lura, duk wannan salon aiki ne, ba rauni ba ne, ba kuma tabo ba. Salon aiki yana sauyawa. A wani bincike da aka fitar a 2023 a Amurka, an ɗauki matasa 76 'yan shekara 14 zuwa 17 da suka taɓa yin ciwon damuwa, aka koya wa wasunsu dabarun katse wannan tunani a zama 10 zuwa 14. Tunanin ya ragu, kuma hoton da aka sake ɗauka ya nuna sauyi a yadda sashen baya na rukunin ke haɗuwa da wani sashe na gaba.

Abin da nake so ka yi a wannan makon abu biyu ne. Ka je wurin malamin da ke kula da ajinku ka tambaye shi yadda za ka sake rajistar kwasa-kwasan nan da abin da za su yi wa makinka, don ka daina lissafi a cikin duhu. Sannan ka gaya wa Baba. Ɓoyewar tana cikin abin da ke hana ka barci, kuma uban da ya sayar da hatsi don karatunka ya fi son ɗansa a kan kwas biyu. Idan kuma ka kai mako biyu a jere kullum rai a ƙuntace, ko abin da kake jin daɗinsa a da ya fita daga ranka, ga rashin barci, ga rashin cin abinci, ga ganin laifin kanka a komai, to ka je asibitin jami'a ka faɗi haka ƙarara. Kada ka ce "zazzaɓi nake ji".

Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari

"Uwargidana ta yi wata huɗu ba walwala. Ba ta cin abinci sosai, ta rame, kullum ta yi tagumi. An yi gwajin maleriya da taifot, an sha magani, shiru. Na tara kuɗi ina so in kai ta a ɗauki hoton kanta, ko Kano ko Abuja, a ga abin da ke damunta. Wanne ya fi, MRI ko CT?"

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka lura da halin da take ciki, ba kowane miji ke lura ba. Amma ka riƙe kuɗinka tukuna. Babu hoton kai da ake gano ciwon damuwa da shi, ba a Zariya ba, ba a Landan ba.

Dalili kuwa shi ne, binciken da na ambata a sama taron mutane ake kwatantawa da taron mutane, a ɗauki matsakaici. Idan aka ware mutum ɗaya, bambancin ɓacewa yake yi. Masana a Jamus sun gwada wannan a kan mutum 1,809, suka fitar da sakamako a 2022: ko da ma'aunin hoton da ya fi kowanne nuna bambanci aka yi amfani, gane wane ne mai ciwon wane ne lafiyayye bai wuce kashi 56 cikin 100 ba, alhali mai canka da ka ma zai dace da kashi 50. Har ila yau binciken bai zama baki ɗaya ba. A 2019 cibiyoyi 25 a ƙasar Sin suka haɗa hotunan marasa lafiya 1,300 da lafiyayyu 1,128, sai suka ga akasin abin da ƙananan binciken farko suka gani: haɗin da ke cikin rukunin zaman shiru raguwa ya yi, ba ƙaruwa ba, kuma a wurin waɗanda ciwon ya sha dawo musu. A ganina wannan bai rushe ilimin ba. Ya dai nuna cewa masu yaɗa labari sun riga masu bincike gaba, kuma galibin hotunan nan na mutanen Amurka ne da Turai da Sin, ba namu ba.

Da zama da tambaya ake gano ciwon damuwa. Likita zai tambaye ta barcinta, cin abincinta, abin da ke zuwa ranta, yaushe abin ya fara, ko ya biyo bayan haihuwa ko rashi ko wani sauyi a gida. Zai duba yawan jininta da sukari, da aikin halittar nan ta wuya wadda idan ta kumbura muke ce wa maƙoƙo, domin kasawarta tana kawo kasala da mutuwar jiki iri ɗaya da na damuwa. Tun da ta rame, ya kamata a duba tarin fuka da sauran cututtukan da ke ramar da mutum. Bari in ce wani abu a kan taifot: gwajin jinin da aka fi yi mata a nan yana yawan nuna tana nan alhali babu, kuma mata da yawa sun sha ƙwayoyin kashe cuta zagaye bayan zagaye, ciwonsu kuwa yana cikin rai.

Akwai lokacin da hoton kai ya zama dole: idan aka ga farfaɗiya ta fara wa babba, ko wani ɓarin jiki ya yi rauni, ko baki ya karkace, ko sabon ciwon kai mai tsanani da amai, ko gani ya rikice, ko halin mutum ya sauya bayan buguwa a kai, ko dattijo ya fara ruɗewa. A nan ƙari ko zubar jini ake nema, kuma likita ne zai zaɓi wanda ya dace. CT hasken eksire yake amfani da shi, ya fi sauri. MRI babu wannan hasken, amma dole a sanar da ma'aikata idan akwai ƙarfe a jiki.

Ka kai ta Asibitin Koyarwa na Shika, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa, ko ku fara da sashen marasa lafiya na yau da kullum su tura ku. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Roƙona ɗaya gare ka, Alhaji: idan kun shiga, ka yi naka bayanin, sannan ka fita ka bar ta ta yi nata ita kaɗai.

Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada

"Shekara ɗaya da rabi ke nan da mutuwar aurena. Har yau ina wanke-wanke ina maimaita maganganun da muka yi, ina saƙawa ina warwarewa: me na yi masa, me ya sa ni ce kullum ba ni da sa'a. Yayata da ƙawayena sai su ce in daina tunani in yi tawakkali. Wata ma ta ce raunin imani ne. Ina sallah, ina azkar. Amma duk lokacin da na ce zan daina, sai abin ya ƙaru."

'Yar'uwa, wadda ta ce miki raunin imani ne ba ta yi miki adalci ba. Annabi Yaƙub, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki malaman tarihi ke kiranta. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa. Fiye da shekara 1,000 da suka wuce wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, ya raba baƙin cikin da ke da sanadi a fili da wanda ke sauko wa mutum babu dalili, ya ce na biyun daga jiki yake kuma yana buƙatar magani.

Abin da kika lura da shi, cewa ƙoƙarin dainawa yana ƙara shi, an gwada shi an gani. A 1987 Daniel Wegner ya ce wa mutane su yi minti 5 kada su tuna wata farar dabba, su kaɗa ƙararrawa duk lokacin da ta faɗo musu a rai. Suka yi ta kaɗawa. Da aka sake su kuma, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba tunaninta. Mai gadin tunani dole ya riƙa leƙawa ko abin ya dawo, leƙen kuma shi ke dawo da shi. Don haka "ki daina tunani" ba shawara ba ce da za a iya bi, ko da da kyakkyawar niyya aka faɗe ta.

Wadda ta fi kowa aiki a kan wannan fanni ita ce marigayiya Susan Nolen-Hoeksema. Ta auna yadda ɗalibanta ke tunkarar ɓacin rai, sai bayan kwana 14 aka yi girgizar ƙasa a yankin San Faransisko, a watan Oktoban 1989. Da ta sake auna su bayan kwana 10, da kuma bayan mako 7, waɗanda tun farko suke da ɗabi'ar juya damuwa a rai su ne suka fi nuna alamun ciwon. Musiba ɗaya ta same su duka, yadda kowa ya riƙe ta a zuciya ne ya bambanta. Wannan ne ya sa nake ɗaukar irin tunaninki da muhimmanci: ba alama kawai ba ce, yana cikin abin da ke tsawaita ciwon.

Ba kowane tunani ne ke cutarwa ba, kuma a nan aikin Edward Watkins na Jami'ar Exeter a Ingila yake da amfani ƙwarai. Ya nuna cewa tunanin da ke nutsar da mutum yawanci da "me ya sa" yake farawa, kuma ba shi da rana ba shi da wuri: me ya sa ni, me ya sa kullum. Wanda ke fitar da mutum kuwa yana da rana, yana da wuri, yana ƙarewa da aiki: me ya faru ranar, me zan yi gobe da safe. A wani ƙaramin gwaji da ya yi a 2011 da mutum 42 da magani bai gama warkar da su ba, kashi 62 cikin 100 na waɗanda aka koya wa wannan sauyi sun warware, a waɗanda ba a koya wa ba kuwa kashi 21. Ki duba tambayoyinki biyu. "Me ya sa ba ni da sa'a" ba ta da amsa, ko shekara nawa za ki ba ta. Hadisin da ke cikin Muslim ya hana mu cewa "da na yi kaza da kaza ya faru", ya ce mu ce Allah ya ƙaddara kuma abin da ya so ya aikata, amma farkon hadisin cewa ya yi ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gaza. Mutane sukan kawo miki ƙarshen su bar farkon.

Ga yadda za ki fara. Idan kika kama kanki a ciki, ki ba shi minti biyu, sannan ki tambayi kanki: na gano wani abu sabo? Na san abin da zan yi? Idan amsar a'a ce, ki tashi daga wurin da kike, ki kama abin da ke buƙatar hankalinki duka. Wanke-wanke da shara hannu kawai suke ɗauka, suna barin kai a sake, shi ya sa a nan abin ya fi kama ki. Ki haɗa su da sauraren karatu kina bi da baki, ko ki kira yaro ya yi miki tilawa kina gyara masa. Ki ware kuma minti 15 ko 20 kullum, a ce bayan la'asar, ki zauna da takarda ki rubuta abin da ke damunki da abin da za a iya yi a kai, kamar kuɗin makarantar yara, ko sana'a, ko komawa Islamiyya. Idan tunanin ya zo da dare, ki ce masa sai la'asar. Wannan ba kora ba ce, jinkirtawa ce, kuma rai ya fi karɓarta.

Ki riƙa fita kina tafiya da ƙafa. A Stanford a 2015 an sa lafiyayyun mutane 38 tafiyar minti 90, rabi a cikin itatuwa da ciyayi, rabi a gefen babban titi. Na cikin itatuwan suka dawo tunanin ya ragu, aikin yankin nan na ƙasan goshi ma ya ragu. Ƙaramin bincike ne, ba kuma a kan marasa lafiya aka yi ba, amma motsa jiki kansa an tabbatar yana rage ciwon damuwa, kuma ba ya cin ko kwabo.

Ga Yaya kuma, idan tana karantawa: ke ce maganin da ya fi kusa da ita. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su zauna a benci a harabar asibiti, su saurari mai damuwa, su taya shi zaɓen matsala ɗaya a warware. A gwajin da aka fitar a 2016 da mutum 573, bayan wata 6 kashi 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna da su ke da sauran alamun ciwon, a ɗaya ɓangaren kashi 50. Maimakon "ki daina tunani", ki ce mata "ƙanwata, wanne za mu fara da shi?" Tun da abin ya kai shekara ɗaya da rabi, ku je ta ga likita tare.

Daga wani malamin makaranta mai ritaya, Ƙofar Doka

"Shekarata 68. Na ji a rediyo cewa yawan tunani yana kawo ruɗewar tsufa. Tun da na bar aiki tunani ya yi min yawa, ga mantuwa."

Baba, labarin ya samo asali ne daga binciken Natalie Marchant ta Landan, a 2020, a kan mutum 360 da suka haura shekara 55. Masu yawan maimaita mugun tunani sun fi samun raguwar tuna abu a cikin shekara 4, kuma hoton wasunsu ya nuna taruwar wasu sinadarai biyu da ake gani a cutar ruɗewar tsufa da ake kira Alzheimer. Amma an ga abubuwan biyu tare ne kawai, ba a nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Yana yiwuwa ma farkon cutar ne ke kawo tunanin. Kada wannan ya zama sabon abin da za ku kwana kuna juyawa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarku shi ne ciwon damuwa a wurin dattawa yana zuwa da mantuwa, har a ɗauka ruɗewa ce, alhali yana warkewa. Ba kuma ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan: binciken Farfesa Oye Gureje na Ibadan a 2007 ya samu kashi 7 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama sun yi fama da shi a cikin shekarar da ta gabata. Ku je a duba ku, a auna hawan jini da sukari da jin kunne. Ku kuma koma cikin jama'a, Baba. Unguwarku ba za ta rasa yaran da ke buƙatar mai koya musu karatu da yamma ba.

Daga wani mai Keke Napep, Kwangila

"Likita ya rubuta min amitriptyline, na sha kwana 10 ban ga komai ba sai bushewar baki. Abokina ya ce in bari, yana kama jiki, gara diazepam da yake saya a kemis."

Ɗan'uwa, abokinka ya juya maganar. Diazepam ne ke kama jiki. Yana sa barci a daren farko, bayan 'yan makonni sai ka ƙara yawansa, ba ya kuma taɓa ciwon damuwar, ga haɗari ga mai tuƙi. Taramol da kodin sun fi shi muni. Magungunan damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine da sertraline ba sa sa maye ko ƙishirwar ƙari, amma suna da jinkiri: mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi, wani lokaci har 6. Bushewar baki takan ragu. Ka riƙa shansa da dare, kuma idan kana tashi da magagi kada ka hau keke, ka koma wurin likitan ka gaya masa sana'arka, akwai wanda zai sauya maka da shi. Idan ka warke ka ci gaba aƙalla wata 6, kuma a hankali ake janye shi, ba rana ɗaya ba. Ka ajiye shi inda yara ba za su kai ba, yawansa yana taɓa zuciya.

Daga wata yaya, Gyallesu

"Ƙanena ya daina fita, ya daina zuwa majalisa. Jiya na ji yana cewa shi nauyi ne a kanmu, gara ba ya raye. Mama ta ce kada a tanka masa, kar a sa masa abin a rai."

Malama, wannan ba ya jiran mako mai zuwa. Ki ba Mama haƙuri, ki gaya mata likita ya ce tambaya ba ta sa wa mutum wannan tunani, an bincika an tabbatar, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Ki zauna da shi yau, ku biyu, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, ko ya shirya wani abu. Kada ki yi masa faɗa, kada ki fara da wa'azi, ki saurara. Ku kwashe maganin ƙwari da na ɓera da duk ƙwayoyin da ke gidan ku kai wani gida. Kada a bar shi shi kaɗai, ko da dare. Idan ya ce ya shirya wani abu, ko ya taɓa gwadawa, ku tafi da shi sashen gaggawa na Shika yanzu, ko asibitin da ya fi kusa da ku. Idan bai kai haka ba, gobe da safe ku kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa, ke da wani namiji da yake jin nauyinsa, kawu ko aminin da ya yarda da shi.